Yadda Ake Ɗaura Fankar Silin da Haɗa Regiletarta a Bango

Da zarar hunturu ya tattara ya tafi, watan Maris ya kama, sai a shiga neman masu gyaran wuta ruwa a jallo. Ka kira wannan ya ce yana wajen aiki, ka kira wancan ya ce sai jibi. Ga sabuwar fanka a kwali a gefen gado, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. A nan ne mutum kan ce bari kawai ya ɗaura abarsa da kansa. Kuma ana iyawa, don wayoyin da ke shiga fankar silin marar fitila ba su wuce 3 ba. Abu biyu ne ke sa aikin ya zama na natsuwa: wutar da za ta iya dawowa ba sallama hannunka na kan waya, da nauyin ƙarfen da zai yi shekaru yana juyawa a saman kan iyalinka.

Bayanin nan na gidan da aka riga aka yi wa wayarin ne, akwai wayoyi a tsakiyar silin, akwai ramin makunni a bango. In sabon layi za a jawo tun daga akwatin bireka, wato akwatin makunnan da ke katse wutar gida, a fasa bango a binne fayif, wannan aikin mai sana'a ne. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba laifi ba ne ka tambayi wanda za ka ba aiki ko yana da ita.

Abin da za ka tanada

Testa, sukudireba mai baki ɗaya da mai kuros, filaya, sifana biyu daidai da notin sandar fanka, baƙin tef na waya, 'yar konekta mai sukurori ta haɗa waya, da tsani mai ƙafa huɗu. Ban ce kujera a kan tebur ba, kodayake na san rabin fankokin garin nan haka aka ɗaura su. Ka samu wanda zai riƙe tsanin ya kuma miƙo maka kaya. In kana da mita ta auna wuta, ta fi testa gaskiya nesa ba kusa ba.

In za ka ƙara waya, mai kaurin sikwaya milimita 1.5 ta isa har da rara. Fanka mai inci 56 takan ci wat 60 zuwa 80, wato kusan sulusin amfiya ɗaya a wutarmu ta bolt 230. Kauri ba shi ne matsala ba, inganci ne. Kafin ka biya kuɗi, ka fere bakin wayar ka kankare silin ciki da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In ka ga fari ya leƙo, alminiyon ne aka yi wa rufi, ajiye musu kayansu.

Ka gane wayoyinka tun da sauran wuta

Wannan matakin shi ne mutane ke tsallakewa. Ana ɗauke wuta sai mutum ya ce alhamdulillahi, ga damar aiki. To da me za ka gane wace waya ce ke ɗauke da wuta alhali testa ba za ta kama komai ba? Ganewa ana yinta ne lokacin da akwai wuta, aiki kuma bayan an kashe ta.

Wayoyi uku ne. Akwai wayar wuta, wadda masu sana'a ke ce wa layif. Akwai wayar komawa, wato nutural. Akwai ta ƙasa, wato at, wadda aikinta shi ne ta kwashe wuta zuwa ƙasa idan ta zubo a jikin ƙarfen fanka. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yau shi ya fi yawa a gidajenmu, layif ja ce, nutural baƙa, at kuma kore ko kore da rawaya. Daga 2004 Ingila ta koma sabon launi: layif ruwan ƙasa, nutural shuɗiya, at kore da rawaya. Shi ya sa za ka buɗe sabuwar fanka ka ga ruwan ƙasa da shuɗi, ka ɗaga kai silin ka ga ja da baƙi. Ruwan ƙasa abokin ja ne, shuɗi abokin baƙi.

Amma kada ka rantse da launi. Mai wayarin da jar waya ta ƙare masa da yammacin Alhamis ba zai koma kasuwa ba, da abin da ke hannunsa zai ƙarasa. Saboda haka ka fara gwada testarka a soket ɗin da ka san yana aiki, ka ga ta kama. Sannan ka kwance murfin makunnin a hankali, hannu ɗaya kawai na aiki, kana sanye da takalmin roba busasshe, ka taɓa bakin testa a kan kowane sukuru. Makunni a kashe, ƙafa ɗaya ce tak ya kamata ta kama, ita ce layif mai shigowa. Ɗayar ita ce mai hawa silin. Ka riƙe wace ce wace a ranka, ka naɗa wa mai shigowar ɗan tef bayan ka kashe wuta.

Yanzu hau tsani ka gwada wayoyin silin, makunni yana kashe. Bai kamata ko ɗaya ta kama sosai ba. In ka ga testa ta yi jajir a sama alhali makunni na kashe, to mai yiwuwa an ɗora makunnin a kan nutural ne, kuma sai an gyara wannan kafin a ci gaba. Na taɓa zama a wani gidan haya da aka yi wa haka. Na kashe makunni, fanka ta tsaya cak, na hau zan canza mata kafasito, ɗan abin nan da ke taimaka wa injin tashi, ina kai hannu na ji kamar an maka min sanda a gwiwar hannu. Allah ya sa ƙanena na riƙe da tsanin. Fanka tana aiki lafiya lau ko ta wace waya aka katse ta, shi ya sa irin wannan kuskuren kan yi shekaru a ɓoye. Ranar da wani ya taɓa ne yake bayyana.

Kashe wuta, kashewa ta gaske

"Ai Nefa sun ɗauke" ba kashe wuta ba ne. Ka je akwatin bireka ka sauke babbar, ba ta ɗakin kaɗai ba, don ba kowane gida ne rubutun da ke jikin bireka ya dace da ɗakin da take ba wuta ba. In gidan na da inbata ko sola, ka kashe ta daga jikinta, don ita aikinta ke nan, ta kawo wuta a daidai lokacin da aka ɗauke. In akwai janareto, ka mayar da makunnin sauya layi tsakiya, ka faɗa wa kowa a gidan da babbar murya cewa kana kan waya. A gidan haya mai mita ɗaya, ka faɗa wa maƙwabta ma. Ka liƙa tef a kan birekar don mai wucewa ya san da gangan aka sauke ta. Sannan ka sake gwada kowace waya kafin yatsanka ya taɓa ta.

Abin da zai riƙe fankar

Fanka ba ta rataya a jikin silin. Allon silin, ko na roba ko fi'o'fi, ado ne, ba ya ɗaukar kaya. In rufin kankare ne, yawanci magina kan bar ƙugiyar rodi tun wajen zuba dekin. Kama ta da hannu biyu ka ja ƙasa da ƙarfinka, ka girgiza. In babu, ana huda kankaren a sa ƙugiya mai noti mai buɗewa a ciki, ba fulogin roba irin na rataya hoto ba. In rufin kwano ne da katako, sai an shiga sama an gicciya katako mai kauri ko ƙarfe a kan rafta biyu, a ɗaure ƙugiyar ta ratsa shi da noti da wasa, wato zoben ƙarfen nan da ake sawa kafin noti. Ƙusa a lanƙwashe ba ƙugiya ba ce. Ka kuma soka sukudireba a katakon, don gara takan cinye ciki ta bar fata.

Sai tsayi. Fuka-fukan su kasance aƙalla mita 2.3 daga ƙasa, yadda dogon mutum zai ɗaga hannu yana sa babbar riga ba tare da an yi jini ba. Tsakaninsu da silin a bar kamar santimita 30, don fanka daga sama take jan iskar da take turowa, in ta manne da silin sai ƙara ba iska. Tsakanin bakin fiffike da bango ko saman wadirof a bar aƙalla rabin mita. A ɗakin yara mai gado hawa biyu, ka auna daga gadon sama, ba daga ƙasa ba.

Harhaɗawa a ƙasa

Duk abin da za a iya yi a kan tabarma, kada a kai shi kan tsani. Ɗauki sandar fanka ka zura mata kofuna biyun nan na rufi tun yanzu: na sama bakinsa na kallon silin, na ƙasa bakinsa na kallon kan fanka. Kusan duk wanda ya taɓa ɗaura fanka ya taɓa mantawa da su sai da ya gama komai, ya sake kwancewa yana tsaki. Zura wayoyin ta cikin sandar su fito ta sama. Sa ƙasan sandar a wuyan inji, ka daidaita hudojin, ka zura kusar a hankali kada ta cije waya a ciki. Sa wasa, ɗaure noti da sifana biyu, sannan ka zura ɗan fil ɗin nan mai ƙafa biyu a hudar bakin kusar ka buɗe ƙafafunsa. Wannan ɗan fil da ake rainawa shi ne ke hana noti warwarewa da girgizar yau da gobe. In ya ɓace a kwali, kada ka ce ba komai, nemo wani.

Kada ka ɗaura fuka-fukai yanzu. Za su tare maka hanya, kuma da ɗaya ya ɗan lanƙwashe a jikin tsani shi ke nan, fankar ta koyi rawa.

Hanyar da wuta ke bi

In ka fahimci wannan, sauran duk ɗaure sukuru ne. Ka ɗauka layif hanya ce guda ɗaya mai shinge biyu. Ta taso daga bireka, ta shiga makunni, ta fito ta shiga regileta mai rage gudun fanka ko ƙara shi, ta fito ta hau silin ta shiga fanka. Nutural ba ruwanta da bango: daga akwatin bireka kai tsaye take zuwa fanka, ba ta shiga makunni, ba ta shiga regileta. At ita ma kai tsaye, ta ƙare a sukurun da ke jikin ƙarfen fankar.

A aikace ga yadda yake. Wayar da ka sa wa tef, layif mai shigowa, ta shiga ƙafar makunni ta farko, wadda akan rubuta wa L ko COM. Yanki guntuwar waya ka haɗa ɗaya ƙafar makunnin, mai L1, da ƙafar shiga ta regileta. Wayar da ke hawa silin kuma ta shiga ƙafar fita ta regileta. Yawancin regiletoci ƙafa biyu gare su. In an rubuta wace ce ta shiga wace ce ta fita, bi rubutun. In regiletar na da lambar sifili ko wurin kashewa, tana iya zama ita kaɗai ba makunni, amma ni na fi son a bar makunnin. Yara kan murɗa regileta sau goma a yini, makunni ya fi ta arha in ya lalace, kuma ka fi samun tabbacin an katse wutar.

Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne mutum ya ga ƙafa biyu a regileta ya ce ɗaya ta ja ce ɗaya ta baƙa, kamar soket. Ya sa layif a ɗaya, nutural a ɗaya. Ana kunnawa sai ƙara da hayaƙi, regileta ta tafi, in an yi sa'a bireka ta faɗi kafin waya ta ƙone. Ƙafafun regileta duka biyu na layif ne, shiga da fita.

Wajen ferewa, santimita 1 ya isa. Murɗa silin wayar su haɗu, tura su cikin rami har roba ta taɓa baki, ɗaure, sannan ka ja wayar ka ji ko za ta zame. Kada a bar jan ƙarfe yana leƙowa. Haɗi mai sako-sako shi ke yin zafi a hankali har murfin makunni ya yi baƙi, ɗaki ya riƙa warin ƙonanniyar roba ba a san daga ina ba.

Wace regileta?

Iri uku za ka tarar a kasuwa. Akwai tsohuwar mai babban akwati da ramukan shan iska, wadda kan zo a kwalin fanka. Tana da juriya, amma tana ɗumi, saboda haka a saman bango ake ɗaura ta, ba a binne ta, ba a kuma rufe ta da labule. Akwai ƙarama mai hawa-hawa, 1 zuwa 5, mai aiki da kafasito a ciki, wadda ke shiga ramin makunni. Ita na fi so: ba ta zafi, ba ta sa fanka gurnani. Sai ta uku mai murɗawa sumul ba hawa. Tana ba ka kowane gudu kake so, sai dai sau da yawa takan sa fanka ƙugi in an rage ta, abin da ba ka ji da rana amma da tsakar dare kamar a kunnenka yake.

Makunnin rage hasken fitila yana kama da ta ukun nan ƙwarai, amma ba na fanka ba ne, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Haka kuma fanka biyu a regileta ɗaya ba dabara ba ce: lamba 1 da 2 za su zama kamar ba a kunna ba, kuma ka ɗora mata kayan da ba a yi ta dominsa ba. Falo mai fanka biyu, regileta biyu.

Ratayawa da haɗin sama

Mai taimakonka ya miƙo maka injin bayan ka tsaya daram a tsani. A saman sandar akwai robar nan mai kauri kamar ƙaramar taya. Ita ce ke zama a cikin ƙugiya, kusa ta ratsa ta, a sa wasa da noti da fil kamar yadda ka yi a ƙasa. Robar ce ke shanye girgiza, in babu ita ƙarfe zai riƙa cin ƙarfe. In fankar ta zo da siririyar igiyar ƙarfe ta kariya, ka ɗaure ta a ƙugiya ko a wani wuri mai ƙarfi daban, kada ka naɗe ta ka cusa a kofi.

Sai haɗi, a cikin konekta: wayar da ta taso daga regileta da ruwan ƙasa ko jar fanka, nutural da shuɗiya ko baƙa, at da kore. Murɗa waya da waya a naɗe da tef shi ne abin da aka saba, amma zafin ƙarƙashin kwano kan narkar da ƙaron tef ya saki bayan bazara biyu. Konekta ba ta da tsada. In ka tarar gidan ba a ja wayar at ba sam, wanda ba baƙon abu ba ne a tsofaffin gidaje, kada ka haɗa koren fanka da nutural don cike gurbi. Ranar da nutural ta tsinke a wani wuri, jikin fankar gaba ɗaya zai ɗauki wuta. Rufe bakinta, ka sa a ranka cewa gidan na bukatar mai sana'a ya ja at.

Tura kofin sama ya rufe haɗin, ka bar ɗan tsakani kada ya goga silin. Na ƙasa ya rufe kafasito amma kada ya zauna a kan injin, don injin juyawa yake. Yanzu ɗaura fuka-fukai. Sa sukurorin duka da wasarsu sako-sako tukuna, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ƙarasa ɗaurewa. In fanka biyu ka saya, kada ka cakuɗa fuka-fukansu, kowane saiti an daidaita nauyinsa ne tare. Juya da hannu ka ji ko wani abu na gogawa.

Gwaji

Sauko, janye tsani, kowa ya matsa daga ƙarƙashi. Ɗaga bireka, sa regileta a lamba mafi gudu, kunna. Bar ta ta ɗauki gudu sosai, sannan ka sauko da ita lamba-lamba. Kowace lamba ta bambanta da 'yar'uwarta. In duk gudu ɗaya ne, ko dai regiletar ta mutu a ciki ko wayar silin ba ta bi ta cikinta ba.

In ta yi gurnani ba ta tashi ba sai an tura ta da sanda, ko tana tafiyar hawainiya a lamba 5 alhali wuta na da ƙarfi, kafasito ne kusan kullum. Ɗan abin nan ne fari ko baƙi a saman injin, akasari mai maikrofarad 2 zuwa 2.5. Lambar na rubuce a jikinsa, ka sayi daidai ita. Wasu kan sa babba don fanka ta ƙara gudu. Takan ƙara, amma kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin inji, ke biyan kuɗin da zafi. Kafin ka taɓa tsohon, bayan ka kashe wuta, haɗa ƙafafunsa biyu da bakin sukudireba mai hannun roba don ya sauke abin da ya riƙe. Ka ɗauki hoton haɗin da wayarka kafin ka kwance.

In tana gudu amma ba iska a ƙasa, baya take juyawa. Yawancin fankokinmu, in ka kalle su daga ƙasa, saɓanin hannun agogo suke bi. Wannan kan faru bayan canjin kafasito: wayar wutar da ke haɗe da ƙafarsa ɗaya an mayar da ita ɗaya ƙafar. Dawo da ita. Sauya layif da nutural a silin ba ya canza juyin fanka, kada ka wahalar da kanka.

In rawa take, kashe ta, ɗauki sanda ka auna daga silin zuwa bakin kowane fiffike a wuri guda, kana juyo su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bambanta, duba sukurorinsa tukuna kafin ka yi tunanin lanƙwasa shi. A tsohuwar fanka kuwa, ƙurar hunturu da ta taru a bayan fiffike ɗaya fiye da sauran ta isa ta sa ta rawa. Ƙugin da ke zuwa sai an koma kan inbata kawai, daga inbatar yake, ba daga haɗinka ba: masu arha ba sa ba da wuta sumul irin wadda injin fanka ke so.

Fanka mai rimot da mai fitila

Sababbin fankokin nan masu cin wuta kaɗan, masu rimot, waɗanda ake rubuta wa BLDC a kwali, ba a bi da su ta regileta. Na'urar rage gudunsu na cikin kansu, cikakkiyar wuta suke so. In akwai tsohuwar regileta a bangon, cire wayoyinta biyu ka haɗa su da juna a konekta, makunni kaɗai ya rage. Barinta a lamba 5 ba daidai yake da cire ta ba, don wata rana wani zai murɗa. Mai aiki da batir ko sola ta bolt 12 kuwa, wayoyinta na batir ba sa kusantar wayar gida ko kaɗan.

Mai fitila a ƙasa tana da waya ta huɗu, ta fitilar. Wannan tana son makunninta daban: a ɗauki layif daga inda ta shigo, kafin regileta, a bi da ita ta makunni na biyu, a hau da ita silin da wayarta. Nutural ɗaya suke rabawa. In ka haɗa fitilar da wayar da ta fito daga regileta, duk lokacin da aka rage fanka haske zai dushe ko ya riƙa ƙyaftawa, kuma ƙwan ba zai yi kwana ba.

Bayan mako biyu tana aiki, sauke bireka ka sake hawa tsani da sifana da sukudireba. Noti biyun sanda da sukurorin fuka-fukai sukan ɗan saki a kwanakin farko. Sannan, bayan fankar ta yi awa guda tana gudu, ɗora bayan hannunka a murfin makunni. In ka ji ɗumi a wurin, akwai sukurun da bai kama waya da kyau ba.